Irin da Ba a Binnewa

Kashe fankar nan, Kulu.
Ja taga, ki riƙe tarinki sai an jima.
Abin da za mu girba yau
numfashi ɗaya ya isa ya kai shi Kamba.

Akwatin gilashin nan na kifi ne a da,
a ɗakin gwajin makarantarmu, nan Argungu.
Ya tsage a kusurwa, aka ce a yar.
Malama Rifkatu ta Zuru ta liƙe tsagar,
ta shimfiɗa gansakuka da wankakken yashi,
ta dasa jajayen tsirrai uku.
Ran da aka yi mata canjin wurin aiki ta ce,
“Ke da kika jure wanke kwalabe shekara talatin, riƙe min.”
Sunansu na boko bai zauna a kaina ba.
Raɓar-rana nake ce musu,
don hantsi ya ɗaga, azahar ta wuce,
raɓar tana nan a bakin kowane gashi, ta ƙi bushewa.

Da magariba nakan ɗaga murfin.
Sauro ya taso daga fadama da yunwarsa,
ya ga ɗigo, ya sauka sha.
Ƙafa ɗaya ta maƙale. Ya sa ta biyu don ya ceci ta farko.
Ganyen ba ya gaggawa,
naɗewa yake kamar mai naɗe tabarma bayan baƙi sun watse.
Tun ina goye sauron garin nan ke shan jinina,
ga mai rama min yau, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba.

Ta yi fure bana. Kowanne rabin yini ya buɗe,
ya rufe, bai jira kowa ya yaba ba.
Yanzu karan ya bushe, kawunan sun yi baƙi.
Miƙo almakashi.
Farar takarda muke so; juya ta fanshona,
bayanta ya fi gabanta amfani.
Ƙwanƙwasa a hankali. Kin gani?
A'a, ba datti ba ne.
Garin kwalli ya fi shi kauri.
Ɗari nawa ne a nan, Allah kaɗai ya ƙirga,
duka ba za su cika ƙarƙashin farce ba.

Yayana Nomau ya zo jiya da lakar shinkafa a ƙafa,
ya leƙa, ya yi dariya har hularsa ta karkace.
“Wace gona ce ba taki, ba fartanya?
Irin da ba a rufe ba ai rabon tsuntsu ne.”
Na ce wannan in ka rufe shi, jana'iza ka yi masa,
haske yake so a bayansa.
Taki guba ne a wurinsa,
ruwan burtsatse kuwa gishirinsa ke ƙona saiwa;
ka ga jarkokin can? Ruwan Agusta ne, na tara masa.
Ya ce, “To me za ki ci a ciki?”
Na ce ba komai. Ita ce mai ci.
Ya tafi yana girgiza kai,
amma daga zaure ya dawo ya ƙara leƙawa.

Lanƙwasa takardar ta yi baki kamar indararo.
Rabi mu zuba a ambulan, na Rifkatu ne,
in an samu mai zuwa Zuru.
Sauran ki karkaɗa bisa jiƙaƙƙen gansakuka,
nesa-nesa, kar su taru wuri ɗaya.
Kar ki danna. Kar ki shafa.
Shi ke nan. E, shukar kenan, mun gama.

Sati uku, ko biyar, ko ba ko ɗaya;
zafin bazara ya taɓa cinye min zubi guda,
ina rufa jiƙaƙƙen zane a gilashin ina fifita.
Idan sun fito, ba ni zan fara gani ba,
idona ya daina zura zare a allura.
Ke za ki duba kullum kafin makaranta.
Kore ne, bai kai kan tsinke ba,
amma da raɓarsa zai fito,
yana jiran ƙwaron da ya yi daidai da bakinsa.

Mayar da murfin.
Yanzu yi tarinki.